Wolt, amper, om da wat: tambayoyin da ake yawan kawo mini shago

Na daɗe ina gyaran rediyo, talabijin da kayan sola a nan Maraɗi, kuma tambayoyin da ake yi mini ba sa canzawa, masu yin su ne kawai ke canzawa. Yau ɗalibin Lise Teknik Ɗan Kasawa ne da littafinsa a hamata, gobe mai cajin salula ne daga babbar kasuwa, jibi wata Hajiya ce da firigonta ya ƙone. Shi ya sa na tara su wuri guda. Na rubuta lambobi yadda aka koya mana a lekol, wato 4,5 na nufin huɗu da rabi. In kana da kalkileta a salularka, ajiye ta kusa, don lissafin ba ya zama a kai sai hannu ya taɓa shi.

Maigida, mene ne bambancin wolt, amper, om da wat? Ni duk "kuran" nake ce musu.

Ba kai kaɗai ba ne. Ɗauki shaton ruwa da tiyon da ke saukowa daga gare shi. Tsayin shaton shi ne ke ba ruwa ƙarfin turi; a lantarki wannan turin shi ne tansiyo, ana auna shi da wolt. Yawan ruwan da ke wucewa cikin tiyon kowane daƙiƙa shi ne amper. Matsewar tiyon, wadda ke hana ruwa wucewa yadda yake so, ita ce turjiya, masu gyara na cewa rezistans, kuma ma'auninta om ne, mai alamar Ω. Wat kuma shi ne aikin da ake samu idan turi da gudu suka haɗu: zafin dutsen guga, hasken ampul, juyin fanka.

Duka huɗun sunayen mutane ne. Volta ɗan Italiya ne ya haɗa batiri na farko a 1800, Ampère Bafaranshe ne, Ohm Bajamushe, Watt kuma mutumin Sikotlan ne da ya shahara a kan injin tururi. Abin da nake so ka riƙe shi ne waɗannan huɗun a ɗaure suke da juna. Ka san biyu daga ciki, sauran biyun lissafi ne kawai.

Mece ce dokar Ohm da malamai ke ta nanatawa?

Georg Simon Ohm malamin makaranta ne a birnin Kolon lokacin da ya yi gwaje-gwajensa, ya buga sakamakon a 1827. Ya gano cewa a cikin wayar ƙarfe, muddin zafinta bai canza ba, in ka ninka wolt, amper ma ninkuwa yake. A lekol ana rubuta ta U = R × I, inda U ke tsaye a madadin wolt, R om, I kuma amper. Wanda ya yi karatu a Katsina ko Kano zai rubuta V a gurbin U, abu ɗaya ne, kada ku yi gardama a kai.

Daga wannan layi guda ake fitar da sauran biyun: R = U ÷ I, da kuma I = U ÷ R. Kula da sharaɗin nan na "muddin zafinta bai canza ba", za mu dawo kansa a amsar da ta shafi ampul mai zare.

Na san wolt da amper. Yaya zan fitar da om?

Raba wolt da amper. Batirin mota mai wolt 12 ya kunna wata fitila, mita ta nuna tana jan amper 2, to turjiyarta 12 ÷ 2, om 6 ke nan.

Inda yara ke faɗawa rami shi ne miliamper. Amper ɗaya miliamper 1000 ne, kuma dokar ba ta karɓar miliamper sai an maida shi amper. Misali batiri mai wolt 9, mita ta nuna 30 mA. Wanda ya yi gaggawa zai raba 9 da 30 ya samu 0,3, ya ci gaba da aiki a kan ƙarya. Daidai shi ne 30 mA ya zama amper 0,03, sai 9 ÷ 0,03 ya ba ka om 300. Haka nan in ka ga kΩ, dubu ake nufi: 4,7 kΩ om 4700 ne.

To wat fa?

P = U × I, wato wolt sau amper. Fitilar nan ta sama, 12 × 2, wat 24 take ci. Cajar salula da aka rubuta mata 5 V 2 A iyakarta wat 10.

Akwai wasu hanyoyi biyu da ke fitowa idan aka cusa dokar Ohm cikin wannan. In amper da om ka sani: P = R × I × I. In wolt da om ka sani: P = U × U ÷ R. Gwada da fitilar: 6 × 2 × 2 ya ba da 24, haka ma 12 × 12 ÷ 6. A ganina ta tsakiyar nan, R × I × I, ita ce ya kamata kowane mai haɗa wuta ya haddace kafin ya taɓa filaya, domin ita ke faɗa maka zafin da waya za ta yi. Wani Bature ɗan Ingila, James Joule, ya tabbatar da ita wajen 1840. Amper sau kansa ne a ciki: ka ninka amper biyu, zafi ya ninku huɗu, ka ninka shi uku, zafi ya ninku tara. Kusan duk ƙonewar da ake kawo mini daga nan take.

An rubuta 220 V, 1000 W a gindin dutsen guga. Me zan iya sani daga nan?

Komai. Amper ɗinsa 1000 ÷ 220, kusan 4,5. Turjiyarsa 220 × 220 ÷ 1000, om 48,4. In dutsen ya daina zafi, cire shi daga wuta, ka ɗora mita a ƙafafun filoginsa: ka ga wani abu kusa da 48, zaren cikinsa lafiya lau yake, mita ta ƙi nuna komai, to ko dai zaren ya tsinke, ko maɓallin daidaita zafi, ko ita kanta igiyar.

Wannan lissafin ne kuma ke gaya maka dalilin da ya sa disjonkter, wato maɓallin da ke yanke wuta da kansa in kaya sun yi yawa, ke faɗuwa. In na amper 10 ne, abin da zai ɗauka 10 × 220, wat 2200. Uwargida ta jona hita mai wat 1500, yaro ya jona dutsen guga mai 1000, jimla 2500, amper 11 da ɗoriya. Ba mamaki ya faɗi, kuma aikinsa ya yi. Maganin ba a sa wanda ya fi shi girma ba ne sai an duba kaurin wayar da ke bayansa. Duba amsar da ke magana kan zafin waya.

Yaya ake aunawa da mita ba tare da an ƙona ta ba?

Wolt ana auna shi ne a gefe: abin yana aiki, ka ɗora tsinkayen mita biyu a bakinsa biyu. Amper kuwa sai an yanke hanya, an sa mita a tsakiya, wutar ta ratsa ta cikinta. Om ba a auna shi sai an kashe wuta gaba ɗaya, kuma ya fi kyau a ɗaga ƙafa ɗaya ta abin daga allon, in ba haka ba maƙwabtansa za su shiga lissafin su ɓata maka lamba.

Ni kaina na biya kuɗin wannan darasi. Ina yaron shago, maigidana ya fita sallar la'asar ya bar mini mitarsa mai allura, wadda yake nannaɗewa cikin tsumma kamar jariri. Na ce bari in ga "amper nawa ne a cikin piriz". Na juya ta zuwa amper, na cusa tsinkayen biyu. Tas! Walƙiya, wari, bakin tsinken ɗaya ya narke ya yi ƙwallo. Da ya dawo bai ce uffan ba, ya shinshina iska, ya dube ni, ya ce, "Piriz ba ta da amper, yaro. Wolt gare ta. Amper sai abin da ka jona ya ja." Mita a kan amper kusan ba ta da turjiya, don haka ɗora ta a bakin piriz daidai yake da haɗa wayoyin biyu da hannunka. Wata biyu ina aiki ba kuɗin kashewa. Yanzu akwai mita mai baki kamar ƙaguwa wadda ake maƙala wa waya ba tare da an yanke ta ba. Waya ɗaya ake kamawa, in ka kama biyun tare sifili za ta nuna.

Na lissafa ampul mai wat 100 na samu om 484, amma mita ta nuna kusan 40. Wa ya yi ƙarya?

Babu wanda ya yi. 220 × 220 ÷ 100 lallai 484 ne, amma wannan turjiyar zaren ce lokacin da yake ci, zafinsa ya haura digiri 2000. Kai kuwa a sanyi ka auna. Turjiyar ƙarfe tana hawa da zafi, kuma ta zaren ampul takan ninku fiye da goma. Shi ya sa irin wannan ampul ya fi mutuwa daidai lokacin da aka kunna shi: a wannan ƙiftawar ido zaren na da sanyi, turjiya kaɗan, amper mai yawa.

Ampul na LED ma ba ya bin dokar kai tsaye, saboda akwai ƙaramin allo a cikinsa. Kada ka wahalar da kanka wajen auna om ɗinsa.

In wuta ta zo da rauni, me ya sa dutsen guga ke yin sanyi amma firigo ke ƙonewa?

Wannan ita ce tambayar bazara. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, kowane gida fanka da kilim na ci, kuma wanda ke ƙarshen layi, nesa da taransifoma, shi ya fi ji a jikinsa. Dutsen guga turjiya ce zalla, om ɗinsa 48,4 ba ya motsi. In wolt ya sauka zuwa 160, sai 160 × 160 ÷ 48,4 ya ba ka wat 529. Wolt ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma zafi ya ragu kusan rabi, saboda wolt sau kansa ne a lissafin. Bai lalace ba, ƙarfi ne kawai babu.

Mota kuwa, irin ta firigo ko famfon ban ruwa da ake ja da wuta kamar na Jiratawa, halinta daban. Nauyin da take juyawa bai ragu ba don wuta ta yi rauni, saboda haka sai ta ƙara jan amper don ta cike giɓin. Mafi muni shi ne in ta kasa tashi: motar da ke tsaye wuta na shigarta tana jan amper ninki biyar ko shida na yadda ta saba. Koma kan R × I × I ka ga abin da hakan ke yi wa siririyar wayar da aka naɗa a cikinta.

Wata mai sayar da ƙanƙara da lamurje ta taɓa kawo mini wannan ƙarar. Ta ce, "Malam, kwana uku yana yin 'ƙyat' ya yi gurnani ya yi shiru, na ɗauka hutawa yake." Ba hutawa yake ba, abin kariyarsa ne ke yanke wuta don zafi, in ya huce ya sake gwadawa, har ranar da ya gaji. In ka ji wannan ƙarar, ga kuma ampul ya yi ja, zare filogi. Regilater, wato na'urar daidaita wolt, na taimakawa, amma a sayi wanda ƙarfinsa ya ninka na firigon, saboda jan da yake yi lokacin tashi.

Na ninka wolt da amper na firigo, lambar ta fi wat ɗin da aka rubuta. Kuma mene ne kVA a jikin gurup?

Wutar NIGELEC ba kamar ta batiri ba ce, kai da komowa take yi sau 50 a daƙiƙa. 220 ɗin da muke faɗa ma matsakaicin ƙarfin aikinta ne, ƙololuwarta na kaiwa wolt 311. A abin da ke da naɗin waya, wato mota da taransifoma, amper na ɗan makara a bayan wolt, sai ya zama ba duk abin da ya ratsa waya ne ya zama aiki ba. Wolt sau amper a nan VA yake bayarwa, ba wat ba. Kafin ka samu wat sai ka ƙara ninkawa da wata lamba da ba ta wuce 1 ba, wadda ake rubutawa cos φ. Misali 220 × 1,2 ya ba da VA 264. In cos φ ɗin 0,65 ne, wat ɗin wajen 170 ne.

Gurup da aka rubuta masa 2,5 kVA, wato VA 2500, da cos φ 0,8, wat 2000 yake iya bayarwa. Ga dutsen guga, hita da ampul mai zare, lambar 1 ce, shi ya sa lissafinsu a amsoshin baya ya fita sumul. Amma wajen zaɓen waya da fizibil, wato siririn silin da ke narkewa ya yanke wuta in amper ya yi yawa, amper ɗin da mita ta nuna za ka bi, don shi ke dumama waya, ko ya yi aiki ko bai yi ba.

In na haɗa turjiya biyu ko fiye, yaya lissafin yake?

In a jere suke, wutsiyar wannan a bakin wancan, abin da ake kira seri, tarawa kawai ake yi: 100 da 150 sun zama 250. In kafaɗa da kafaɗa suke, kawunansu a haɗe, ƙafafunsu a haɗe, wato paralel, in biyu ne, sai ka ninka su ka raba da jimlarsu: 100 × 150 ÷ 250, om 60. Kullum amsar paralel tana ƙasa da mafi ƙanƙantar cikinsu, don hanya ka ƙara wa wuta. In ka samu lambar da ta fi, sake lissafi.

Masu kiɗan biki da masu haɗa lasifikar masallaci su saurara. Lasifika mai om 8, biyu a paralel sun zama 4, huɗu sun zama 2. A ce ampili na fitar da wolt 20: a kan om 8 amper 2,5 ne, a kan om 2 kuwa amper 10. Ampilin da aka rubuta wa "4 Ω" a baya ba zai jure wannan ba, tsakiyar biki zai yi shiru. Dabarar ita ce a jera biyu-biyu a seri, kowane jeri ya zama 16, sannan a haɗa jerin biyu a paralel, a dawo 8.

Ina so in kunna ƙaramin LED da batirin wolt 12. Wace turjiya zan sa?

Farin LED ƙarami yana riƙe wolt 3 ne, kuma miliamper 20 ya ishe shi. Ragowar wolt 9 turjiya ce za ta shanye: 9 ÷ 0,02, om 450. Ba a sayar da 450, na kusa da shi 470 ne. Sai dai batirin da ke kan caji yakan hau har 14,4, don haka ni 560 nake sawa in huta. Ja LED kuwa wajen wolt 2 yake riƙewa, sai ka sake lissafin da 10.

Kada ka tsaya nan, lissafa zafin da turjiyar za ta sha: 14,4 a cire 3 ya rage 11,4, sai 11,4 × 0,02, wat 0,23. Ƴar ƙaramar nan mai rubu'in wat tana bakin iyakarta ke nan, sa mai rabin wat. In LED uku gare ka, jera su a seri su riƙe wolt 9, ragowar 3 ÷ 0,02, om 150, ka samu haske uku da cin wutar ɗaya.

Zanen launin da ke jikin turjiya fa?

Kowane launi lamba ce: baƙi 0, ƙasa-ƙasa 1, ja 2, ruwan lemo 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, toka-toka 8, fari 9. A mai zobe huɗu, biyun farko lambobi ne, na uku yawan sifilin da za ka ƙara. Rawaya, shunayya, ƙasa-ƙasa: 4, 7, sifili ɗaya, om 470. Na ƙarshe in ruwan zinari ne, kuskuren bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, azurfa kuma 10. In ta ƙone launin ya dagule, kada ka yi canki-canki, nemi irinta a wani allon.

Me ya sa wayar sola ke zafi alhali wolt 12 ne kawai?

Saboda wolt 12 ne kawai. Kayan wat 120 a kan 220 amper 0,55 suke ja. Su ɗin dai a kan 12, amper 10. Ita ma waya tana da tata turjiya. Ta jan ƙarfe ana lissafa ta haka: 0,017 sau tsawo a mita, a raba da kauri a milimita murabba'i. Tsawon kuma zuwa da dawowa ne, nan ake yawan mantuwa.

An taɓa kira na wani gida a hanyar Tibiri. Batiri na zaure, talabijin da fankoki na cikin ɗaki, tazarar mita 10, an ja wayar 1,5. Maigidan ya ce an cuce shi a batiri, sabo ne amma talabijin na mutuwa tun kafin a gama labarai. Na auna bakin batiri, 12,4. Na auna bayan talabijin, 10 da ɗan kai. Na ce, "Alhaji, taɓa nan." Ya kama wayar ya saki, ya ce, "Ikon Allah, ɗumi gare ta." Na zana masa a ƙasa da tsinke: mita 20 × 0,017 ÷ 1,5, kusan om 0,23. A amper 10, wolt 2,3 sun zube a hanya, wat 23 suna dumama bango. Da wayar 6 ce, asarar ba za ta kai wat 6 ba. Ba mu sayi waya ba ma, batirin muka matso da shi kusa.

Ƙari a kan haka, kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Turjiyar alminiyam ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi, ga shi kaurin da ake rubutawa a jikin robar ba kullum yake cika ba. Kankare silin da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka san abin da ka saya. Araha ba ta ado. Wanda kayansa suka yi yawa ya koma wolt 24: amper ya ragu rabi, asara ta koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Shi ne dalilin da ya sa manyan layuka ke ɗauke da dubban wolt?

Shi ne. Layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram, mai wolt 132 000 ne, ninki 600 na wutar gida. A lissafin sama-sama, amper ya ragu ninki 600 ke nan, asarar zafi a waya kuma ninki 600 × 600, wato 360 000. Taransifoma ne ke sauko da ita mataki-mataki har ta iso piriz ɗinka.

Batiri mai 100 Ah awa nawa zai kai ni?

Ah amper sau awa ne. Ninka da wolt ka samu abin da ke cikin rumbun: 12 × 100, wat-awa (Wh) 1200. Amma batirin dalma, mai ruwa ko jel, in kana son ya yi shekaru, rabin nan za ka riƙa ci, wato 600. Tara kayanka: talabijin 60, fanka 75, ampul LED uku masu wat 9, jimla 162. Sai 600 ÷ 162, awa 3,7. Inbata, mai maida wutar batiri ta zama 220, ita ma na cin nata rabon, saboda haka ka sa rai da awa uku da ƴan mintoci. Batirin lityom ya fi jure a kwashe shi sosai, kuɗinsa ne dai.

A gefen batiri wannan kayan amper 15 suke ja, alhali a gefen 220 ba su kai amper ɗaya ba. Wayar da ke tsakanin batiri da inbata ta zama gajera mai kauri, saboda dalilin da na faɗa a amsar zafin waya.

Panona mai wat 100 ne, amma ban taɓa ganin 100 ba.

Juya bayansa ka karanta. Za ka ga kusan wolt 18 da amper 5,5, su ne suka ba da 100 ɗin. In regilater ɗin cajinka, wanda ke tsakanin pano da batiri, irin PWM ne, yana janyo panon zuwa wolt ɗin batiri, a ce 13, sai 13 × 5,5 ya zama wat 71. Irin MPPT ne ke maida rarar wolt ta zama amper. Sannan a digiri 25 aka auna shi a masana'anta, kuma kowane digiri sama da haka yana rage kusan kashi 0,4 cikin 100. Pano a kan kwano da tsakar ranar bazara yakan kai 65, an tafi da kashi 16. Ƙurar hunturu kuma ta ɗauki nata. A bar masa sarari iska ta ratsa ƙarƙashinsa, a goge shi da sassafe.

Kontar wat take ƙirgawa?

A'a, kilowat-awa: wat sau awa, a raba da 1000. Fanka mai wat 75 da ta kwana tana juyawa awa 10 ta ci 0,75, a wata 22,5. Dutsen guga da ake ɗora wa laifi, minti 15 ɗinsa 0,25 ne kacal. Tsohon ampul mai wat 60, awa 6 kullum, 10,8 a wata; LED mai wat 9 a gurbinsa 1,6. Ninka da kuɗin kilowat-awa da ke kan takardarka.

Wolt ne ke kisa ko amper?

Amper ɗin da ya ratsa jiki ne ke kisa, amma wolt ne ke tura shi, kuma jikinka shi ne R a lissafin. Busasshiyar fata tana da dubban om masu yawa, shi ya sa kake kama kan batirin mota ba ka ji komai, duk da cewa yana iya ba sitata ɗaruruwan amper. Jiƙaƙƙen jiki kuwa, ƙafa ba takalmi a kan damshin siminti, yakan sauko wajen om 1000. Sai 220 ÷ 1000, miliamper 220. Wajen miliamper 10 hannu ke fara ƙin saki, kuma disjonkter na kariyar rai a 30 yake yankewa. Kwatanta da kanka.

Hitar nan da ake tsomawa a bokiti ita ta fi ba ni tsoro, musamman da hunturu. A zare filogi kafin a sa hannu a ji ko ruwan ya yi zafi.

Fizibil ya ƙone, ba zan iya ɗaura silin waya a gurbinsa ba?

In wayoyi biyu suka haɗu kai tsaye, turjiyar hanyar na iya zama om 0,1. A takarda 220 ÷ 0,1 amper 2200 ne. A zahiri layin ba zai ba da haka ba, amma abin da zai bayar ya isa ya kunna silin ɗaki. An yi fizibil ne da gangan ya zama wuri mafi rauni, ya narke kafin wayar cikin bango. Silin da ka ɗaura ba ka san amper nawa zai ɗauka ba, yana iya fin wayar gidan juriya, sai ita ta zama fizibil ɗin.

Lissafa amper ɗin kayan kamar yadda muka yi wa dutsen guga, ka sa na sama da shi kaɗan, muddin bai fi ƙarfin wayar ba: a ƙa'idar Faransa da masu haɗa wuta a nan ke koyo, disjonkter ba ya wuce amper 16 a kan wayar 1,5, ko 20 a kan 2,5. Sola ma na buƙatar nasa, dab da kan batiri, a wayar da ke da alamar tarawa. In sabon da ka sa ya sake ƙonewa nan take, kada ka sa na uku. Kashe wuta, zare komai daga piriz, ka juya mita zuwa om ka bi kayan ɗaya bayan ɗaya har ka samu wanda ke nuna kusan sifili.